Ruwan Zafi a Gindin Orah

Ladan bai gama kiran magariba ba dutse na farko ya faɗo a kan rufin rumfar itace. Hairudin yana zaune a baranda da kofin gahawa, bai ko ɗaga kai ba. Na biyu ya biyo, sannan na uku, a hankali, kamar mai jifan ba shi da wurin zuwa. Matarsa Zumreta ta fito daga kicin, ta leƙa titi babu kowa. Ta ɗauki dutsen da ya gangaro bakin ƙofa, sai ta yar da shi da sauri.

"Hairudin, da zafi! Kamar daga tukunya aka tsamo shi."

"Rana ce ta gasa shi."

"Wace rana? Yau kwana uku ana yayyafi."

Hairudin ya kurɓi gahawarsa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma shi ya san abin da ya tsamar da wannan.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da lambun shaƙatawa na garinsu, a gefen kogin Bosna. Lokacin yaƙi, da sanyi ya matsa, mutane sun sare bishiyoyin sun ƙona. Guda ɗaya ta tsira, tsohuwar bishiyar da ake kira orah, mai 'ya'ya masu taurin ɓawo, don ko wanda sanyi ya fi gallaba bai yarda ya ɗaga mata gatari ba. Kowa ya san aljanu ne ke zama a gindinta. Sauran duka Hairudin ne ya sake dasawa da hannunsa, har ya yi ritaya.

A bana majalisar gari ta ce za a tsara yadda lambun zai kasance nan da shekara talatin, kuma sai an ji ta bakin jama'a. Mai shawara ya zano ya kawo, a liƙa a bangon zaure, kowa ya manna koriyar takarda a kan wanda ya fi so, ranar Asabar ɗin ƙarshen wata a ɗaga hannu. Hairudin ya zana nasa: a sare orah, a gina maɓuɓɓugar ruwa, a jera furanni. Bai ɗauka akwai mai ja da shi ba. Sai ga zane da sunan ƙanensa Nusret, mai sayar da tayar mota, wanda ko albasa bai taɓa shukawa ba. A zanen an bar orah, hanya ta kewaye ta daga nesa, kujeru da lilon yara suna can gefe. Cikin mako guda takardu suka rufe shi kamar ganye.

"Yaya, na ga naka," in ji Nusret a gidan gahawa, yana washe baki. "Mutum bakwai. Biyu daga ciki kai ne da Zumreta."

"Kai da ba ka san fure da ciyawa ba?"

"Ni ban sani ba, amma jama'a sun sani."

Aka kwashe da dariya. Wannan dariya ita ta bi Hairudin gida, ta zauna masa a maƙogwaro. Hassada ce, babu wani suna da za a sakaya ta da shi. Abin da ya fi cin ransa shi ne zanen yana da kyau, kuma ya fi kowa sanin haka. To amma duk kyansa a kan bishiya ɗaya ya rataya, kuma wanda ya iya raya bishiya ya iya kashe ta. Magariba uku a jere, bayan lambu ya watse, ya je da tafasasshen ruwan gishiri ya tuttula a saiwarta. Tun yana yaro uwarsa ta koya masa ba a zubar da ruwan zafi da almuru, in kuma dole ce sai a ce "destur", a nemi izinin waɗanda ido ba ya gani su kauce. Bai ce ba. Ɓarawo ba ya sallama.

Kwana biyar ana jifan, kullum a daidai lokacin. A na shida duwatsu suka daina, sai kukan yara daga ƙarƙashin daɓe, siriri, irin na wanda ya gaji da kuka. A na bakwai suna cin abinci cokali ya faɗi daga hannun 'yarsu Ilhana, wadda ta gama karatun zanen gine-gine a Sarajevo ta dawo gida tana jiran aiki. Yatsun hannunta na dama suka dunƙule, aka yi aka yi suka ƙi buɗuwa. Ta kalli ubanta da idon da ba nata ba.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce, da muryar tsohuwa.

Likita ya duba bai ga komai ba. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Da rana ta sunkuya sai ta tashi ta fuskanci bangon da ke wajen lambu, ta tsaya ƙiƙam har duhu ya shiga. Zumreta ba ta nemi shawarar kowa ba, ta aika ƙauyen bayan dutse aka ɗauko Hafiz Sabit, malamin da ake girmamawa da kiran Efendi.

Tsoho ne ɗan ƙarami mai tari. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi gahawa, ya zauna a gaban yarinyar da kwanon ruwa ya fara karatu. Haske yana janyewa daga taga kaɗan-kaɗan. Ba a jin komai sai muryarsa da agogon bango. Da ya kai Ayatul Kursiyyu karo na bakwai, Ilhana ta yi wata irin dariya, muryar tsohuwar nan ta sake fitowa.

"Ya isa, Efendi. Mu ma Musulmi ne, kada ka ƙona mu a kan ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Kafin a aza tubalin masallacinku muna gindin orah. Mun shimfiɗa abinci, jikokina uku suna ci, aka sheƙa musu ruwa. Ko kalma ɗaya ba a ce ba."

"Wa ya sheƙa?"

"Ga shi can ya lafe a bakin ƙofa kamar kyanwar da ta sha madara."

Zumreta ta juyo ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta dafe bango.

"Laifin uba ne," in ji Hafiz. "Me yarinya ta yi miki?"

"Alheri ta yi mini, shi ya sa nake son ta. Kun tambayi tsofaffin kan benci, kun tambayi masu yawo da karnuka, har yaran makaranta kun ba su takarda su manna. Mu da muka riga kowa, wa ya tambaye mu? Ita kaɗai. Ta zo da igiyar awo ta ce destur, ta ce mu yi haƙuri, ta bar mana fili a zanenta inda ba kujera ba fitila."

"Zanenta?" Hairudin bai san lokacin da maganar ta fito ba.

"Au, kana tsammanin mai taya ne? Ta kawo maka, ka ce ta bari sai ta girma. Ta kai wa baffanta ya sa sunansa, don kada a ce 'ya ta ja da uba." Muryar ta yi ƙasa. "Kullum ina ganinta tana wucewa, ina cewa me ya sa irin wannan za ta zama tasa? Ni ba ni da kamarta. Bai san darajarta ba, Efendi. A bar mini ita."

"Ba za a bar miki ba."

"To hannun kawai."

"Ko farce. Allah bai halatta miki ba, kin kuma sani." Ya tsoma yatsa a ruwan ya ɗaga. "Faɗi abin da za a iya."

A waje ladan ya fara kira.

"Ya haƙe ƙasar da ya lalata, ya zuba sabuwa," in ji muryar. "Ba shi ke nan ba. Magariba arba'in ya kawo ruwan sukari, da hannunsa, ya nemi izini da ƙarfi yadda masu wucewa za su ji. Ranar Asabar kuma ya ɗaga wa zanenta hannu."

"Ka ji?" in ji Hafiz.

"Na ji, Efendi. Na yarda. Wallahi na yarda, a sakar mini 'yata."

"To fita ta inda kika shiga, kada ki dawo."

Jikin Ilhana ya yi rawa. Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin ne na ƙarshe, ruwan kwanon ya motsa ba wanda ya taɓa shi. Ta sulale, uwarta ta tare ta. Hairudin ya durƙusa ya kama hannun da ya buɗe, yana kuka kamar yaro, bai damu da baƙo ba.

Ilhana ta daɗe kafin ta buɗe ido. Da ta yi magana, muryarta ce, a gajiye.

"Baba, ina jin komai, bakina ne kawai ba nawa ba." Ta haɗiye yawu. "Da ka san nawa ne, da za ka zuba?"

Ya buɗe baki zai rantse. Amma Alƙur'ani yana buɗe a gabansa, kuma ya san abin da ya ji ɗazu. Lokacin da aka ce ita ce ta kayar da shi, a tsakiyar tsoronsa, abin nan na maƙogwaro ya motsa, bai mutu ba. Ya nemi a'a a cikin ransa, ya nema da gaske.

"Ban sani ba, 'yata."

Ta gyaɗa kai. A hankali ta zare hannunta daga nasa ta ɗora a cinyar uwarta.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Da aka kira zanen da ke da sunan Nusret, Hairudin ya riga kowa ɗaga hannu, ya bar shi a sama har aka gama ƙirga, har na kusa da shi suka sauke nasu. Ilhana tana layin gaba kusa da baffanta, lafiyarta ƙalau, kuma ba ta waiwayo ba.