Roƙo Ɗaya a Ranar Abba

Auta na kicin tana shafa wa kek madara sai ga Yaya Babba ya shigo yana kaɗa makullin mota.

"Ke, wai ina kika kama mana wurin bazde ɗin Abba?"

"Gidan shayin nan na bayan tasha."

"Inda maroƙin nan naki yake kiɗa?"

"Makaɗi ne, Yaya, ba maroƙi ba. Kuma bai zama nawa ba tukuna — ku kuka hana."

Umma ta dafe ƙirji. "Auta, ki rufa min asiri. Ranar da mahaifinki ke cika sittin za ki tayar masa da hawan jini?"

"Ni dai so nake ya gan shi da idonsa sau ɗaya, Umma. In ya gani ya ƙi, shi ke nan, amma fa ba zan auri wani ba."

Shekara biyu ke nan Mai Gurmi yana neman izinin turo manyansa. Abba ya ce 'yarsa ba za ta auri mai yi wa mutane kirari don a ba shi ba, alhali ko fuskar yaron bai sani ba. Auta ba ta gudu ba, ba ta yi rashin kunya ba. Duk saurayin da aka turo mata sai ta gaishe shi da ladabi, ta ce zuciyarta da mai ita. Taurin kai dai a wurin Abban ta gado shi, babu ragi.

Yaya Babba ya yi wani murmushi. "Ƙyale ta, Umma, mu je ɗin. Yau kowa zai ga sana'ar tasa."

Da la'asar suka cika ɗan wurin: kujerun roba, fanka ɗaya mai kuka, dandamalin da bai fi tabarma ba. Jikoki suka rera hafi bazde, Abba ya yanka kek fuska a murtuke. Mai Gurmi na zaune da gurminsa a cinya, yana waƙar wani matafiyi da ke kewar mahaifiyarsa. Muryar nan tasa mai sanyi ta sa har masu shan shayi suka ajiye kofuna.

Ana tsakiyar waƙar Yaya Babba ya miƙe.

"Malam mai kiɗa, yau ranar Alhaji ce. A ɗan yi masa kirari mana, za ka ga alheri."

Nan take Auta ta gane tarkon. In Mai Gurmi ya yi, ya tabbata maroƙi. In ya ƙi, ya raina surukin da yake nema. Ta miƙe tsaye.

"Kar ka yi. Ko wannan ne zai raba mu, kar ka yi."

"Zauna, Auta," in ji Abba.

"Ka yi haƙuri, Abba, ba zan zauna ba. Shekara biyu ina zaune." Hawaye na zuba, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Mai Gurmi ya jingine gurmin, ya sauko, ya durƙusa a gaban Abba.

"Baba, ban taɓa yi wa mutum kirari ba, kuma ba zan fara a kanka ba, don ina jin nauyinka. Amma Yaya bai yi ƙarya ba, yau kam ni maroƙi ne. Abu ɗaya nake roƙo — a bar manyana su zo."

Abba ya dube shi.

"Wato a ranata ka ƙi yi min kirari?"

"Na ƙi, Baba."

"Waccan ma ta ƙi zama." Abba ya juya wajen Umma. "Kin ga irin mutanen da Allah ya haɗa ni da su?"

Umma tana ta share ido da gefen mayafi.

"Ka ce musu ina gida ranar Asabar," in ji Abba. "Yanzu tashi ka ƙarasa min waƙar da wannan sarkin surutun ya katse. Matafiyin nan ya koma gida kuwa?"

Sai a lokacin Auta ta zauna a kujera tana kuka tana dariya. Masu cewa haƙuri shi ne yin shiru ba su san Auta ba. Ta jira iyayenta ba ta tsallake su ba, amma ko sau ɗaya ba ta yarda a wulaƙanta wanda take so ba.