Mijina Ba Abin Tausayi Ba Ne

Umma tana zaune a tsakar gida tana warware ɗinkin wata tsohuwar riga, sai ga Kawu ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba, riƙe da takarda.

"Yaya, saurari abin da ɗanki ya rubuta! A shago na tsince ta, ƙarƙashin gwangwanin man keke."

Injiniya, ɗan nata da ke zaune a gefe, ya miƙe tsaye. Shi ba wani injiniya ba ne, 'yan layi ne suka laƙaba masa sunan tun da Baba ya rasu bara, ya ajiye karatu ya zauna a bencin gyaran keken ɗinki. Takardar kuwa ta neman sikolashif ce, wanda wata gidauniya ke bai wa matasan da suka rasa uwa ko uba don su shiga kwaleji. Kowa zai rubuta labarin rashinsa, wanda ya rage cikin iyayen ya sa hannu a fom.

Kawu ya gyara tabarau ya karanta: "Mahaifina ya rasu cikin wahala da ƙasƙanci. Bai bar mana komai ba sai hawaye. Sau da yawa da yunwa muke wuni..."

Rigar ta zame daga cinyar Umma.

"Wa ya wuni da yunwa a gidan nan?"

"Umma, ba haka nake nufi..."

"Na ce wa? Mutumin da ya shekara talatin yana ta da kekunan da masu su suka fitar da rai, shi ne ya mutu a ƙasƙance? Talla za ka yi da ubanka?"

"Ai ba dabararsa ba ce," in ji Kawu. "Yarinyar nan ce ta shagon kwamfuta, wadda yake ce wa Sakatariya. Kullum yana can, wai shi mai budurwa!"

Umma ta share ido da gefen mayafi. "To ka ji. Hannuna ba zai taɓa takardar nan ba. Ita kuma, kada in sake jin ƙafarka ta taka shagonsu."

Injiniya ya karɓi takardarsa daga hannun Kawu. Gaskiya ne, Sakatariya ce ta ba shi shawarar, amma shi ya rubuta.

Washegari ita ta same shi. Ta tsaya a bakin shago, idanunta jawur, yana goge wani keke baƙi da tsumman da har yanzu ke ɗauke da ƙamshin hannun Baba.

"Injiniya, sori. Wallahi ni dai na ga duk masu cikewa haka suke yi, a zuba abin tausayi."

"Ya wuce."

"Bai wuce ba! Saura kwana shida a rufe. Umma ai dangwala yatsa take yi, ko? To wa zai gane? Kawo fom ɗin ni in dangwala."

Ya ɗago ya dube ta, har ya ɗan yi murmushi.

"Wannan ɗan yatsan naki kamar allura? Sakatariya, na yi wa Baba ƙarya sau ɗaya, ba zan ƙara da Umma ba. In karatun nan rabona ne, da hannunta zan shiga. Ki tafi, kada Kawu ya gan ki."

"Kora ta kake yi?"

"Ajiye ki nake yi."

Ta juya tana kuka. Shi kuma ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

Ba ta koma shagonsa ba. Gidansu ta nufa. Ranar farko Umma ta amsa sallamarta da ƙyar, ta juya mata baya. Rana ta biyu ta bar ta a durƙushe har ƙafarta ta yi tsami. Rana ta uku Sakatariya ta tarar da ita tana ɗinki a kan wani tsohon keke da ke tafiya sumul, ba ƙara ko kaɗan.

"Umma, laifina ne. Ban san Baba ba, na sa aka rubuta abin da ban sani ba."

Umma ta daina taka keken.

"Ba ki san shi ba kam. Kin ga wannan? A bola ya tsinto shi, duk tsatsa. Wata uku yana lallashinsa. Shi kunne yake karawa a jikin keke, ya gaya miki ciwonsa kafin ya kunce ko da kusa ɗaya. In mace mai marayu ta kawo gyara, sai ya ɗaure fuska ya ce ai ba abin da ya lalace, ɗauki abinki. Alhali ya wuni a kansa!" Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. "A asibiti ma, sai da ya sa aka kawo masa fankar ɗakin ya gyara. Mijina ba abin tausayi ba ne, yarinya."

Sakatariya ta riga ta zaro biro. "Umma, in rubuta?"

Umma ta harare ta, ta daɗe. "Je ki kira min shi. Shi zai rubuta, ai shi ya ɓata."

Wuni suka yi a tsakar gidan. Umma na faɗa, Injiniya na rubutawa, wani wurin ya ajiye biro ya ce, "Wannan ni na gani," ya ƙara nasa: yadda Baba ya ɗora hannunsa a kan nasa ranar da ya fara riƙe sukudireba, da yadda shagon ya yi faɗi tun da ya tafi. Kawu ya leƙo zai yi magana, Umma ta ce, "Kai mai karatu da ƙarfi, zauna ka karanta mana wannan." Ya fara da murya garau, bai kai ƙarshe ba ya cire tabarau yana share ido.

Umma ta miƙa babban yatsanta. Sakatariya ta shafa masa tawada, ta riƙe mata fom ɗin.

Bayan wata biyu aka kira shi intabiyu. Wata dattijuwa a cikin masu tambayar ta ce, "Mun karanta hawaye da yawa. Kai kaɗai ka sa muka ji da ma mun san mahaifinka." Mako na zagayowa saƙo ya iso: an ɗauke shi, sashen ƙere-ƙere.

Da gudu Sakatariya ta kawo takardar daga firinta, da ɗuminta. Umma ta karɓa ta rungume a ƙirji, sannan ta dubi ƙanenta Kawu.

"Ka shirya, ranar Asabar za ka je ka gaida mahaifin yarinyar nan. Kada ɗan wani ya riga mu yaron yana can yana karatu."

Sakatariya ta rufe fuska ta ruga waje, ta bar takalmi ɗaya.

Wanda ya yi rashi, ya nemi taimako da kansa a ɗage. Kada ya rage darajar wanda ya tafi don a ji tausayinsa, kuma kada gaggawa ta sa ya tsallake wanda ya rage masa. Injiniya ya haƙura da fushin uwa na kwana uku, ya samu karatu, ya samu mata, kuma sunan Baba ya shiga kwaleji da mutuncinsa.