Matar da Ke Neman Ruwa a Dajin Marke

Ku matso. Kai Jatau, kashe wayar nan. Sau ɗaya zan faɗa.

Nomau ɗan baffana ne. Ba ku riske shi da ƙarfinsa ba. Zuma ce sana'arsa. Ya saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya ɗora a kan bishiya, ƙudan zuma su shiga. Mai zuma kuwa ba da ƙasa yake gane hanya ba, da bishiya yake ganewa. Ka tambayi Nomau wani wuri a Dajin Marke, ba zai ce maka gabas ko yamma ba. Sai ya ce ka bi kirya mai reshe biyu, ka wuce ɗinyar da tsawa ta tsaga, ka bar kanya a hagunka.

Da gwiwa ta fara damunsa, ya daina shiga can ciki. Shekaru suka wuce. A tsakanin nan masu gawayi suka zo da injin yankan itace. Bayansu motar noma ta biyo. Ƙudan zuma suka watse. Amya ɗaya ta rage masa a bakin daji, a kan wata tsamiya, ita ma babu komai a ciki.

Wata rana da bazara ya tafi don ya sauko da ita. Shi kaɗai. Rana ta take. Babu iska. Ko kurciya ba ta kuka.

Ya yi sallama a gindin tsamiyar, kamar yadda masu zuma ke yi kafin su hau. Tun yana saurayi yake yi, ba a taɓa amsa masa ba.

Ran nan aka amsa.

Ya zagaya. Mace ce a zaune, ta jingina da bishiyar, da goyo a bayanta. Ba tsohuwa ba ce, ba kuma yarinya ba. Leɓenta ya tsattsage saboda ƙishirwa.

Ta ce, "Mai zuma, kai nake jira."

Muryar ce ta fara damunsa. Kamar mutum biyu na magana tare, kuma a ƙarƙashi akwai wani abu irin kukan fakara da asuba.

Ya ce, "Daga ina, baiwar Allah?"

"Daga nan."

"Nan ai babu gari."

"Yanzu kam babu."

Ya sunkuyar da kai. An ƙona ciyawar wurin, toka ta rufe ƙasa. Ya ga sawun da ya zo har inda take zaune. Ƙanana ne, kowanne a tsage biyu. Ya bi sawun da ido har bakin zaninta. Kofato ne.

Bakinsa ya fara addu'a, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa.

Ta ce, "Ka gama kallon ƙafar? To ɗago kai. Mutumin da ke hawa bishiya zuma na harbinsa, kofato ne zai kayar da shi?"

Ta juya masa baya. Daga cikin majanyi wani kunne ya fito, dogo, mai jan gashi. Ɗan barewa ne. Idonsa a lumshe, haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauri.

Ta ce, "Kiwo nake yi, na dawa. Gwanki, mariya, gada, ɓauna. Da, in na kora su ruwa, ƙasa har motsi take yi. Wasu tarkon waya ya ci, wasu bindiga, wasu wuta. Sauran suka rasa inda za su kwanta. Wannan ya rage mini. Uwarsa na can a tarko. In bai sha ruwa yau ba, ba zai kwana ba."

Tsoron Nomau ya ragu. Ya kwance gorarsa ya miƙa.

Ta girgiza kai. "Ba ya shan ruwan da hannu ya ɗebo. Sai wanda ya kwanta a ƙasa, da inuwa a kansa."

"In kai shi gida. Ina da akuya mai shayarwa."

"Kana da karnuka. In ya tsira daga bakinsu kuma ku ɗaure shi a turke, yara na tsokanarsa da kara."

Nomau bai musa ba.

Ta ce, "Ni ma da bishiya nake gane hanya, irin taka. An sare su, na ɓata a cikin gidana. Kudu na yi niyya, an ce akwai sauran kurmi wajen duwatsu. Da nisa. Ban san ko zai kai ba. Kai ka san wani ruwa kusa?"

Nomau ya ce, "Tafkin Ɓauna. Kanya da ɗinya sun kewaye shi, rana ba ta taɓa ruwan. Kafin la'asar mun isa."

"Yaushe rabonka da shi?"

"An jima. Amma wannan tafki ba ya ƙafewa. Kakana bai taɓa ganin ƙasansa ba."

"In na bi ka, kudu ta wuce mini."

"Biyo ni."

Ya bar amyarsa a sama, ya saɓa gatari, ya shiga gaba da gwiwarsa mai ciwo. Tana biye. Ba ya jin takunta, sai numfashin ɗan barewar.

Ya nemi kirya mai reshe biyu. Kututture ya tarar. Ya durƙusa, ya kankare shi da gatari, ya shinshina. Kirya ce. Suka wuce. Ɗinyar da tsawa ta tsaga, ita ma kututture. Haka ya yi ta yi, daga kututture zuwa kututture, yana shinshinawa kamar kare. Ta ko'ina tuddan gawayi na hayaƙi. A cikin kwazazzabo an zubar da jarkokin maganin feshi.

Ta ce, "Da saura?"

"Kaɗan."

La'asar ta yi. Numfashin da ke bayansa ya fara yankewa, ya dawo, ya yanke.

"Mai zuma, da saura?"

"Kaɗan."

Suka fito wani fili mai faɗi. Kunyoyin motar noma sun miƙe har inda ido ya tsaya, da busassun karan riɗi na bara. Nomau ya ratsa filin, ya dawo. Ya sake ratsawa. Ya ɗauka ɓata ya yi. Sai ƙafarsa ta taka wani abu ya fashe. Ɓawon katantanwa ne. Ya duba, ga su nan birjik a cikin kunya, da ƙayar kifi. Ƙasar baƙa ce, ta tsattsage. Ya ɗaga kai ya duba gefen filin. Kututture ne a jere, sun yi zobe.

Ya tsaya.

Ta ce, "Me ya tsayar da kai?"

"Mun iso."

"Ina?"

"A cikinsa muke tsaye."



Nomau ya faɗi a gwiwa ya fara haƙa da gatari. Da ƙasa ta yi laushi ya jefar da gatarin ya sa hannu. Farcensa ya tsage. Ya haƙa har kafaɗa. Babu ruwa. Ƙasa ce kawai mai ɗan sanyi, wadda in ka matse ta takan dunƙule.

Ta kwance majanyi, ta kwantar da ɗan barewar a bakin ramin. Ƙafafunsa kamar sillen kara. Ta ɗebo ƙasar mai sanyi ta kai bakinsa. Ya lasa sau ɗaya. Ya buɗe ido ya dube ta. Rana na yin ja, haƙarƙarin ya tsaya.

Nomau ya ce, "Ki yafe mini. Da kin yi kudu."

Ta ce, "Wataƙila can ma haka ne. Ba ƙarya ka yi ba. Abin da ka sani ka faɗa."

Muryarta ta zama guda ɗaya. Wannan abin da ke ƙarƙashi ya ɗauke.

A ramin da ya haƙa don ruwa suka sa shi. Nomau ya mayar da ƙasa. Ita kuwa ta kakkaɓe majanyin, ta mayar baya, ta ɗaure tamau kamar da goyo a ciki.

Ta ce, "Ka yi tafiya domina da ƙafa mai ciwo. Ba ni da sauran abin bayarwa sai wannan. Kawo kunnenka."

Ta hura masa iska a kunnen dama.

Nan take ya ji ruwa na motsi. Ya ji kwaɗi. Ya ji ɓauna na huci suna saukowa, zabin daji na ta surutu, ƙudan zuma sun cika furen kanya. Ya waiga ko'ina. Fili ne da kunyoyi. Matar ba ta nan.

Bayan isha ya iso gida. Bai ƙara ɗora amya ba.

Abin bai bar kunnensa ba har ya rasu. Na sha tarar da shi a bakin gonar riɗin nan da yamma, ido a rufe, hawaye na bin gemunsa. Ya kama hannuna ya ce, "Yi shiru, gwanki ya zo shan ruwa." Ni ban ji komai ba sai ƙarar inji daga nesa.

Hanyar nan da kuke yanke ta zuwa kasuwa, ta gefen gonar, kada wanda ya bi ta shi kaɗai da rana tsaka. Masu gawayi sun gan ta. Sun ce har yanzu majanyin na ɗaure a bayanta, babu komai a ciki. Ba ta duka, ba ta shaƙewa. Tare mutum take yi ta tambaye shi ina ruwa ya saura, da inuwa a kansa. Kuma takan tsaya ta jira amsa.

Ku tashi ku kwanta.