Biryanin da Hamissou Ya Ƙi Taɓawa

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya Uwais ya kai mu gidan abincin Indiyawan nan na bayan layinmu a unguwar Badi'a, nan birnin Riyad, ni da Umma. Ya ce a can zai ga Hamissou, mai neman aurena, ido da ido. Tun rasuwar Abbanmu shi ne waliyyina, in ya ce a'a magana ta mutu.

Hamissou ya riga mu zuwa. Ɗan Damagaram ne, direba a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Yana hango Umma ya zube har ƙasa yana gaishe ta, ɗan Indiyan da ke kawo abinci ya tsaya da tire a hannu yana kallonsa.

Aka sa mu a ɓangaren iyali, aka ja labule. Yaya bai tambayi kowa ba ya sa aka kawo shinkafar biryani, da miyar kaza ja wur, da burodinsu mai maiƙo.

"Tafaddal," in ji Yaya da Larabci, yana tura masa faranti.

"Alhamdulillahi, a ƙoshe nake."

A ƙoshe ina? Da safe ya turo min saƙo: "Rabin raina, fargaba ta hana ni ko shan shayi."

Yaya ya sake yi masa bismilla, ya kuma sakewa. Hamissou dai kansa a ƙasa, hannuwa a kan gwiwa, sai godiya yake jerawa. Ina kallon jijiyar goshin Yaya tana tashi.

Ni na gane abin da ke faruwa. Yaya haihuwar nan ne, cikin Larabawa ya tashi, a wurinsu wanda ya ƙi abincinka kai ya ƙi. Shi kuwa Hamissou ko yunwa za ta kayar da shi ba zai kai loma baki a gaban surukarsa ba. Umma ta sani sarai, amma Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta gyara masa a gaban baƙo. Sai juya cokali take yi.

Yaya ya sunkuyo ya ce min da Larabci, a hankali, mutumin da ya raina kwanonmu yau gobe ni zai raina. Ya ɗauki makullin mota.

Ni ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryata a gida. Amma na san in makullin nan ya bar teburin, shi ke nan. Na miƙe.

"Umma, taso ki raka ni wankin hannu."

Ta kalle ni, ta kalli hannunta da bai taɓa komai ba. Na riƙo shi na ja ta. A bakin labule na tsaya, ban juyo ba.

"Yaya... kunyar Umma yake ji. Haka ake yi a can gida. Ka zauna ka gani." Na ƙara da cewa, "Kuma ni shi nake so. Ba wani."

Ban jira amsa ba.

A wurin famfo Umma ta daɗe tana kallona ta madubi, sannan ta ce ashe dai ina da baki. Ta ce Abbanmu ma sai da aka haifi Yaya kafin ya iya shan ruwa a gaban mahaifiyarta.

Na lallaɓa na leƙa ta gefen labulen. Hamissou ya naɗe hannun riga yana ta kai loma, barkono ya sa shi hawaye shaɓe-shaɓe. Yaya yana dariya ƙasa-ƙasa, yana tura masa kwanon nono.

"Sha wannan, ya akhi, ɗan'uwana, kar ka mutu mana kafin biki. Wa kake da shi a Riyad da zai zo neman aure?"

"Akwai kawuna Ghali, yana aikin gini a Dir'iyya."

"To ka turo shi."

Na koma da gudu na faɗa jikin Umma. Nan take ta gane. Na ja hannunta mu koma, ta ƙi motsawa. Ta share idonta da bakin mayafi.

"Dakata tukuna, Muhibba. Bari yaron nan ya ƙoshi."