Wasiƙun Labasa

"Wannan ba zai isa ba, Nazmeen."

Misis Tran, lauyar da ke riƙe da maganar bizar mijina, ta turo mini hotunan aurenmu a kan teburinta. Guda bakwai ne. A biyar ina kuka, a biyun kuma Tabrez ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da satar kaza.

"Ga takardar ɗaurin aure fa," na ce. "Ga sa hannun limamin Labasa, ga hatimin hukuma."

"Sun yarda an ɗaura aure. Tambayarsu ita ce, auren gaskiya ne ko na neman biza? Kin rubuta musu cewa shekara shida kuna tare, amma duk abin da kika kawo daga bara ya fara. Ina na sauran shekara biyar ɗin?"

Na yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Mun goge."

"Kun goge?"

"Kowane saƙo. Ina karantawa nake gogewa."

Ta cire tabaraunta ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce ofishin shige da fice ya ba mu kwana ashirin da takwas mu kawo ƙarin hujja. In ba mu kawo ba za su iya ƙin ba shi, sai dai mu koma farko, mu sake jiran wata shekara biyun ko fiye.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Shekara biyar na yi ina ɓoye soyayyata kamar kayan sata, yau kuma gwamnati ta ce in baje ta a kan tebur ta gani.

Ina da shekara sha takwas muka baro Fiji muka dawo Liverpool, a yammacin Sydney. Tabrez maƙwabcinmu ne a Labasa, makaniken motocin ɗaukar rake. Abba bai taɓa son maganar ba. A ganinsa duk saurayin da ke can gida fasfo yake so, ba 'yar mutane ba. Muna sauka ya karɓe wayata, na fi shekara biyu ban ji muryar Tabrez ba, sai da na shiga kwaleji na riƙa aron wayar wata ƙawata. Da na samu tawa ma Abba yakan duba, shi ya sa nake gogewa. Wayar Tabrez kuwa ambaliya ta tafi da ita tare da rabin garejinsu.

Bara da na kafe, Abba ya ce bai hana ba, amma ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Ya wakilta ƙaninsa aka ɗaura. Na yi mako uku da mijina na dawo. Daga ranar har yau Abba bai ambaci sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa.

Daga ofishin lauya na wuce gidan tsofaffin da nake aiki kwana uku a mako. Sauran kwanakin na karatun jinya ne. Lokacin hutu na fita bayan kicin na kira shi.

"Naz tawa! Ya aka yi? Sun ce in ɗaure kayana?"

"Sun ce ba su yarda muna son juna ba."

"To ki ba su lambata in yi musu kuka su ji."

"Tabrez, ba wasa nake ba!"

Ina jin ƙarar guduma a bayansa. Na zayyana masa komai.

"Da wasiƙun nan sun iso..." ya fara.

"Don Allah kada ka soma."

"Wallahi na rubuta, Naz. Duk wata, tun daga watan da kuka tafi."

"Duk wata har fiye da shekara biyu, amma ko guda ɗaya ba ta iso ba? Gidan waya ya zauna ya zaɓi naka kaɗai yana cinyewa?"

"Har yanzu ba ki yarda ba ke nan."

"Ban ce ba."

"Kin ce. Muryarki ta ce."

Na kashe wayar ba sallama. Gaskiya ya faɗa. Ina son Tabrez har cikin raina, amma maganar wasiƙun nan ta zame mini ƙaya a tafin ƙafa. Shekara biyun nan na yi su ina kuka a banɗaki, ina cewa ya manta da ni. Da muka sake haɗuwa ya ce ya rubuta, na ce na yarda don a zauna lafiya. Ban yarda ba.

Kwana goma na yi ina tattara abin da ya samu. Ƙawata ta rubuta shaida. Wata goggona a Labasa ta rubuta tata, rabinta addu'a ce. Ina ɗaga tsofaffi daga gado da rana, in yi haddar sunayen magunguna a jirgin ƙasa, in dawo gida in tasa takardu a gaba. Misis Tran ta duba ta ce da sauƙi, amma shaidar uba za ta fi duka nauyi.

Ranar Asabar da safe na shiga kicin na tarar da mahaifiyata, da muke kira Amma, tana murza roti, gurasarmu ta gida, tana mita.

"Kalli mahaifinki. Ya sake tsinto wata."

Abba na zaune yana goge wata 'yar takarda da hannun rigarsa. Sanarwar masallaci ce, wani ya yar a tashar bas. Direban bas ne shi, kuma duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ya gan ta a ƙasa sai ya tsince ta ya kawo gida. Saman kabad ɗinsu cike yake da tsofaffin kalandun masallaci da katunan biki na shekara da shekaru.

"Wata rana kabad ɗin nan zai rufto mana," in ji Amma. "A ce mutum ya mutu kalanda ta danne shi!"

"Mutuwa mai kyau ke nan," Abba ya ce, bai ko ɗago ba.

Na zuba masa shayi, na ja kujera na zauna.

"Abba, alfarma nake nema. Suna son shaidar iyaye, cewa aurena na gaskiya ne. Layi kaɗan ne, sai ka sa hannu."

Ya kurɓi shayin a hankali.

"Beti, 'yata, ban hana ki aure ba. Amma ba zan rantse a kan abin da ban sani ba. Ni ban san zuciyar yaron nan ba."

Na yi niyyar yin gardama, sai na ji ba ni da ƙarfinta. Gajiya ce ta kwana da kwanaki ta sauko mini gaba ɗaya. Hawaye suka zubo.

"Shi ke nan, Abba. Wataƙila ma kai ne mai gaskiya tun farko."

Amma ta tsaya da murza roti.

"Me kike cewa haka?"

"Ya ce ya rubuto mini duk wata sa'ad da ba ni da waya. Ko ɗaya ban gani ba, Amma. Wanda zai kalli idona ya yi mini wannan ƙaryar, wace ce ba zai yi ba? Wataƙila sai da ya ji na samu fasfo ya tuna da ni." Na share fuskata da mayafi. "Ranar Litinin zan ce wa lauya ta dakata. Na gaji."

Na ɗauka Abba zai ji daɗi, tun da maganar da ya shekara shida yana jiran ji ke nan daga bakina. Sai na ga ya ajiye kofin. Ya miƙe ya shige ɗaki.

Muka ji an ja kujera, muka ji takardu suna zubowa ƙasa.

"Na faɗa!" Amma ta ce. "Yakub, sauko kafin ka karye!"

Ya dawo da ƙura a hularsa, yana rungume da wani tsohon gwangwanin biskit. Ya ajiye shi a gabana, ya koma gefe ya tsaya kamar ɗalibi a gaban malami.

"Buɗe."

Ambulan ne jere a ciki, an ɗaure su da roba. Kowace da kan sarkin Fiji, da hatimin gidan wayar Labasa, da kwanan wata. Ga sunana da rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza. A saman kowace kuma, da ƙananan baƙaƙen Larabci, ya rubuta Bismillah. Haka Tabrez yake, ko jerin kayan mota zai rubuta sai ya fara da ita.

Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Talatin da ɗaya.

"Ni nake buɗe akwatin wasiƙa kullum kafin in fita aiki," Abba ya ce. "Ta farko da ta zo na ce in bai ga amsa ba zai gaji ya bari. Na kai ta bakin kwandon shara... sai na ga abin da ya rubuta a sama. Na kasa. Ta biyu ta zo, na ce zan ƙona su gaba ɗaya. Har na ƙyasta ashana, beti, na kasa."

"Yakub!" Amma ta dafe ƙirji. "A ɗakina? A saman kaina nake kwana da su ban sani ba?"

"Ban buɗe ko ɗaya ba. Ba nawa ba ne."

"Ba naka ba ne amma ka riƙe!" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. "Kana jin kukana, Abba! Kana ganin na daina cin abinci! Kullum ka wuce ni a falo da wasiƙata a aljihunka?"

"Ina ji."

"To me ya sa?"

"Tsoro nake kada a yi amfani da ke a yar. Daga baya kuma kunya ta hana ni fito da su." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Zan iya jure ki yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata. Amma in zauna ina shan shayi kina kiran bawan Allah maƙaryaci a kan laifina, wannan ba zan iya ba. Yaron bai yi ƙarya ba. Ni na yi."

Na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji tausayinsa, duk a lokaci guda. Na rasa wanda zan bi, sai na rungume gwangwanin na yi ta kuka.

Da na samu natsuwa na kira Tabrez, na juya masa kyamara ya gani. Ya matso da fuskarsa yana duba ambulan ɗin.

"Ka yafe mini," na ce. "Shekara huɗu ina zarginka a zuci."

"Na sani, Naz tawa. Na ce wata rana Allah zai wanke ni. Ban dai zaci daga saman kabad zai wanke ni ba."

Na yi dariya cikin kuka. Sai na ga Abba ya miƙo hannu. Na ba shi wayar.

Ya gyara murya har sau biyu.

"Tabrez."

"Na'am... na'am, Abba!"

"Na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ba komai wallahi, Abba, ba komai..."

"Akwai komai. Sannan rubutunka ba kyau. Ban san yadda ma'aikatan gidan waya suka gane gidan nan ba."

Amma ta fashe da dariya tana share ido da bayan hannu, har gari ya ɓata mata fuska.

Ranar Litinin Abba ya ɗauki hutu, ya sa rigarsa ta Juma'a ya raka ni. Misis Tran ta jera ambulan ɗin bisa kwanan wata, ta ce a duk shekarun aikinta ba a taɓa kawo mata irin wannan ba. Ta ce wa Abba ba dole ne ya faɗi yadda aka yi suka zauna a rufe ba.

"Dole ne," ya ce. "Rubuta: ni ne na ɓoye su."

Wasiƙun kuwa ban karance su a rana ɗaya ba. Ɗaya nake buɗewa duk Juma'a, in kira shi in karanta masa, yana roƙona in bari don kunya. Wata labarin ruwan sama ce, wata labarin akuyarsu da ta haihu. Kowace dai da magana ɗaya take ƙarewa: ina jira.

Na kai ta ashirin da shida aka ba shi bizar.

Ranar da zai sauka muka je filin jirgi mu uku tun da hantsi. Abba ya zaro wani kwali daga ƙarƙashin hammatarsa.

"Me za ka yi da wannan?" Amma ta ce. "Ka ɗauka bai san fuskar matarsa ba?"

"Tata ya sani. Tawa ce bai taɓa gani a sake ba."

Ya ɗaga kwalin sama da hannu biyu. TABREZ, da manyan baƙaƙe. A samansa kuma, da ƙaramin rubutu, Bismillah.

Amma ta kalli kwalin, ta kalle ni, ta girgiza kai.

"Shi ke nan. Wannan ma ya hau saman kabad har abada."

Ƙofa ta buɗe, mutane suka fara fitowa da akwatunansu. Na hango shi yana waige-waige, ya rame, ya sa rigar da ya sa ranar aurenmu. Na buɗe baki zan kira shi, amma Abba ya riga ni.

"Tabrez! Nan, ɗana... nan!"