Ciwon da Ake Iya Faɗa

Ningrum ta miƙa hannu aka soka allurar, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Danang, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure, shi ne ya kau da kai kamar jininsa ake ɗiba.

Sau uku aka ɗiba cikin awa guda, sau ɗaya kafin a zuba mata maganin gwaji a jijiya, sau biyu bayansa.

Wata bakwai ke nan barci ya ƙaurace mata, abinci sai ta tsakura, siket ɗinta ma sai da fil yake zama. Unguwarsu a birnin Semarang ba ta jira likita ba, ta yanke hukunci: ciwon wuya ne, irin mai kawo maƙoƙo.

Ita ma shi take fata.

Don Bu Hartini, mahaifiyar Danang, ta riga ta faɗa a gaban dangi cewa in wuya ne da sauƙi, ita ma shekara goma sha tara tana shan ƙwayarsa. In kuwa a kai ciwon yake, a dawo mata da zoben ɗanta. Kinanti kuma, 'yar ƙawar Bu Hartini, mai kantin magani, ta tsiri kawo lumpia, wani soyayyen abin taɓawa, mai zafi gidansu Danang kullum la'asar, wai gaisuwa. Gaisuwar da ba ta taɓa tunawa da ita ba sai da Ningrum ta rame.

Bayan mako Dakta Lukito ya shimfiɗa takardar. Ya ce wuyanta lafiya lau. Kowa na da wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai aika wa na wuya saƙo, shi aka tsokana da maganin. Kamata ya yi lambar gwajin jinin ta yi tsalle, sai ga shi da ƙyar ta ɗaga. Ana yawan ganin haka ga masu ciwon damuwa. Takardar ita kaɗai ba hujja ba ce, amma in aka haɗa da abin da ta gaya masa, ba ya shakka.

Ya rubuta mata magani.

A kan babur Danang ya ce, "Dik, ƙanwata, mu ce wuya ne kawai. Wa zai sani?"

Ta ninke takardar maganin ta sa a jaka.

"Ko kai ne ko wuya, ke nake so..."

Ta san gaskiya yake faɗa. Ta laluba zuciyarta ko za ta ji daɗi, ba ta tarar da komai ba, kuma wannan ɗin shi ne ciwon.

Ran Lahadi a falon Bu Hartini, Danang ya zuba ƙaryarsa tsaf, har da shafa maƙogwaro. Bai iya ƙarya ba, bawan Allah, kunnuwansa sun yi ja. Ningrum ta dube shi ta ga abin da zai yi ta yi har tsufa. Sai ta ciro takardar maganin ta ajiye kusa da farantin lumpia.

Kinanti, da ta kawo farantin, ta leƙo da sauri. "Ai wannan maganin ba na wuya ba ne, Bu."

Bu Hartini ta daɗe tana duban takardar. Sannan ta sallami Kinanti, ta ce Ningrum ta biyo ta kicin.

Ta sauko da gwangwanin shayi daga saman kabad, ta buɗe. Ƙwayoyi ne a ciki, sunansu ɗaya da wanda likita ya rubuta.

"A can garin Ungaran nake sayowa," in ji ta, "don kar yarinyar can ta gani."

"To me ya sa kika ce a dawo da zoben, Bu?"

"Don na san irin ranakun da ke gabanki, ban so wa ɗana su ba." Ta rufe gwangwanin. "Kuma na ɗauka ke ma wuya za ki ce. Ni ko mijina har ya mutu wuya ya sani."

Danang na tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya san tun yaushe.

Ya karɓi gwangwanin daga hannun uwarsa, ya ajiye a kan tebur inda kowa zai gani, ya kama hannun Ningrum daidai inda allurar ta bar tabo.

An yi biki a ranar da aka sa. Amarya ba ta yi dariya sosai a hotuna ba, ba kuma wanda ya tilasta mata.

Yanzu maganin mutum biyu ne a gwangwanin. Danang ke sayowa duk wata, a kantin Kinanti, da rana tsaka.