Nonon Farko

Bahauddeen ya fara ganin Ya Gana ne ranar da ƙanwarsa Saliha ta haihu a wani asibiti a Azare. Yana tsaye bakin ƙofa da flas ɗin shayi, ya jiyo muryar mahaifiyarsu, Hajiya Zuliha.

"A matse wannan nono mai ruwan ɗorawa a zubar. A ba yaro ruwa tukuna."

Ungozomar, Ya Gana, wata siririyar budurwa 'yar Barebari, ta durƙusa kusa da ita. "Hajiya, na ji ku mutanen Udubo ne, masu shanu. In saniya ta haihu, kuna hana maraƙi dakashi, nononta na farko?"

"Wa zai hana? Ai sai ya lalace."

"To na mutum ma haka yake. Shi ne rigakafinsa na farko. Har wata shida nono ya ishe shi, ruwan ma yana ciki. Amma Saliha ce mai zaɓi."

Saliha ta dubi uwarta, ta dubi ɗanta, ta ɗora shi a ƙirji. Daga waje Bahauddeen ya ji kukan jaririn ya ɗauke ɗif. "Subhanallah," ya ce.

Bayan suna ya karɓi lambar Ya Gana wurin Saliha, ya tura mata saƙo.

"Malama ungozoma, ban taɓa jin gaskiya mai taushi irin taki ba. Ina da tambaya, amma sai a zauren gidanku."

Ta amsa: "Ka zo da hujja, Malam. Ba na aiki da ji-ta-ji-ta."

Kafin wata uku ta zama "Hasken idona", shi kuma "Ɗan Fillona".

Amma da ya kawo maganar aure, Hajiya ta ce atafau. "Yarinyar da ta ƙure ni a gaban mutane? Ba a gidana ba."

Da labari ya kai wa Ya Gana, ta yi kukanta ta share, ta roƙi yayarta Kellu ta raka ta Udubo. Ta tarar da Hajiya riƙe da jikanta, ya yi ɓulɓul, yana wasa da 'yan ƙafafu. Ta zube ƙasa.

"Hajiya, ki yafe mini in na saki baki."

Hajiya ta daɗe tana kallon yaron. "Biyu na binne kafin Bahauddeen. Duka na zubar musu da nonon farko. Gaya mini tsakani da Allah, ni na kashe su?"

"Ba wanda zai iya cewa haka, Hajiya. Rai na Allah ne. Kin yi musu abin da aka koya miki, kuma da ƙauna kika yi."

Hawaye suka zubo wa tsohuwar. Ta kamo hannunta. "Tashi, 'yata. Ki ce wa magabatanki muna tafe."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Azare. Da aka kawo amarya, Hajiya da kanta ta yaye mata mayafi, ta dafa kanta.

"Allah ya ba ku masu albarka, ya raya muku su."

Bahauddeen ya sunkuyar da kai. "Amin, Hajiya. Amin."